Kwaɗo Bakwai da Lamba Shida

Shekara ashirin da biyu ina sayar wa mutumin nan kwaɗo, don haka in na yi masa dariya ina ganin ina da haƙƙi. Shagona na yankan makulli da gyaran ƙofa yana jikin nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, in ya yi atishawa ina ji. Shi maɗaba'a gare shi, ƙarama, mai inji biyu da ma'aikata biyu. A gabansa Manaja muke ce masa. A bayansa kuwa duk layin Kwaɗo Bakwai suke kiransa, kuma ba sharri aka yi masa ba. Biyu a ƙofar waje, biyu a ta ƙarfe da ke ciki, ɗaya a ɗakin takardu, ɗaya a kabad, na bakwai a jikin wani keji da ya sa maƙeri ya ƙera wa kwamfuta. Ni na kafa su duka, na san kowanne kamar ɗan cikina.

Babban aikinsa buga tambayoyin jarrabawa ne na makarantu masu zaman kansu guda tara. Ba don injinsa ya fi na kowa suke kawo masa ba, injin ma in ya ga dama sai ya buga biyar kamar shida. Suna kawo masa ne saboda abu ɗaya: tunda ya buɗe shago ba a taɓa jin tambaya ɗaya ta fita kafin ranar jarrabawa ba. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a duniya. Ba shi da mota, gidansa ɗaki uku ne, amma in ya zo wucewa malaman makaranta kan nuna shi su ce ga mai amana can. Yana ji, sai ya ƙara rage sauri.

In lokacin jarrabawa ya zo, shagon ya koma gidan yari. A rufe tagogi, a tara wayoyi cikin bokiti a bakin ƙofa, a laluba aljihun kowa shiga da fita. Takardar da ta lalace a inji shi da kansa yake ƙona ta a rabin ganga a bayan shago. Ya tsaya har ta zama toka, ya zuba ruwa, ya dama da sanda, wai kada wani ɗalibi mai ƙwazo ya zo ya karanta lissafi a jikin toka. Matarsa ta taɓa gaya wa tawa cewa a gida ma gwangwanin sukari makulli gare shi, kuma ba ta faɗa da fushi ba, ta riga ta saba.

Mutum ɗaya ne a duniya Manaja ba ya rufe wa ƙofa, babban wansu. Ubansu ya rasu yana ɗan shekara takwas, shi ne auta, wan ne ya riƙe shi. Shi ya kai shi koyon ɗinkin littafi, shi ya saya masa injin farko, shi ya nema masa aure. Kowa Yaya yake ce masa, har matarsa. Tsohon akawu ne, mutumin da ba ya maimaita magana kuma ba ya son a tambaye shi dalili. Manaja yanzu ga furfura ga jikoki, amma in Yaya ya kira waya sai ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ka ji ba abin da yake cewa sai na'am Yaya, to Yaya, an gama Yaya.

Tunda Yaya ya yi ritaya ya gano saƙon murya, dangi ba su sake hutawa ba. Kowace safiya sai ya aika wa zauren danginsu na waya nasiha ta minti tara, a kan tarbiyya, a kan yawan cin gishiri, a kan waɗanda ba sa amsa gaisuwa. Kowane saƙo da gyaran murya biyu yake farawa. Mutum ɗari da wani abu ne a zauren, har da waɗanda ba wanda ya san ta ina suka zama dangi. Manaja kaɗai ke sauraro har ƙarshe, kuma da ƙarfi yake kunnawa, don haka ni ma ta bango na daina cin gishiri.

Ma'aikatansa biyu ne. Akwai Dogo mai tuƙa inji, wanda ko kunna kwamfuta bai iya ba kuma yana alfahari da hakan. Akwai Malama mai buga rubutu, uwar 'ya'ya uku, shekara goma sha huɗu tana zaune a kujera ɗaya. Da, makarantu cikin ambulan mai hatimi suke kawo tambayoyi, Manaja ya sa hannu ya kai kabad. Daga baya suka koma turowa ta imel, Malama ta sauke ta tsara, Dogo ya buga. Tun daga ranar tambayoyin suka daina kwana a kabad, amma ba wanda ya iya fahimtar da Manaja haka. Shi a ganinsa suna cikin kwamfuta, kwamfuta tana cikin keji, makullin keji yana aljihunsa.

'Yan damfarar intanet kuwa a gabanmu suka girma. Wasiƙar farko da ta shigo imel ɗinsa daga wata bazawara ce wai mijinta ya mutu ya bar mata dukiya tana neman mai riƙon amana. Rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Manaja ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka buga ta ya manna a bango, duk wanda ya shigo ya karanta masa. Daga nan ya yanke hukunci cewa ɓarayin waya wawaye ne, kuma bai sake duba hukuncin ba. Bayan 'yan shekaru wani ya kawo aiki a filashi, cuta ta shiga kwamfutar ta cinye katunan biki na wata guda. A lokacin ne ya sa aka ƙera kejin. Malama ta ce masa cutar ba ta ƙofa take shiga ba, ya ce shi dai tunda ya sa keji bai sake ganinta ba.

Sai abin ya fara cin maƙwabta. Mai kantin magani ya buɗe shago wata safiya ya tarar an kulle duk bayanan da ke kwamfutarsa daga nesa. Manaja da ya ji an ce an kulle, da zuciya ɗaya ya tura ni in je in buɗe masa. Na je kuwa da jakar kayan aikina, na tsaya ina kallon allo, mai kantin yana kallona. Bayan shi aka ƙwace shafin mai sayar da tikitin jirgi, aka yi mako guda ana gaisawa da abokan cinikinsa da sunansa. Duk wanda abin ya samu, Manaja ya je jaje, ya dawo ya tsaya a bakin shagona ya ce sakaci ne, mutane ba su san darajar ƙofa ba.

Malama ta yi iya yinta. Ta ce a canza kalmar sirrin imel, wadda ta shekara goma sha ɗaya ba a taɓa ba. Ya ce makulli mai kyau ba a canza shi. Ta ce a kira wanda ya san aikin ya duba musu ko sau ɗaya a shekara. Ya ce ba zai ɗauko baƙo ya nuna masa cikinsa ba. Da ƙyar ya yarda da abu ɗaya: a ƙara wani mataki, ta yadda duk wanda zai shiga imel ɗin daga wata na'ura sai an turo lamba shida ta waya tukuna. Ta so a sa wayarta, tunda ita ke aikin. Ya ce makulli a hannun mai shago yake zama, aka sa tasa. Ta roƙe shi kada ya karanta wa kowa lambar, ko wane ne, ko me ya ce.

"Malama," in ji shi, "ni za ki koya wa tsaro?"

Ranar wata Talata, saura kwana shida jarrabawar ƙarshen shekara, ina durƙushe a ƙofarsa ta ciki ina sa wa kwaɗo na uku mai. Hantsi ne, Malama ta fita kai ɗanta asibiti, Dogo yana baya yana yankan takarda. Wayar Manaja ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Da yake kunnensa ya fara nauyi, a lasifika yake amsa waya, don haka duk na ji. Gyaran murya biyu aka fara yi. Kafin a ce komai ya riga ya miƙe tsaye.

Muryar Yaya ce, ni ma da na shekara ina jinta ta bango zan rantse a kai. Ya ce wayarsa ta faɗa ruwa, ta maƙwabci ya ara. Ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon gwiwar matar Manaja, ya yi ƙorafin ba a amsa gaisuwarsa ta jiya ba. Sannan ya ce yana ofishin fansho ana sabunta masa rajista, da aka nemi lambar waya ya ba da ta Manaja tunda tasa ta mutu, yanzu za a turo wasu lambobi, ya karanto masa maza, layi ne a bayansa.

Saƙon ya shigo. Manaja ya sa tabarau ya karanta a hankali, kuma in faɗi gaskiya ya ɗan tsaya. Ya ce, cikin muryar da ban san yana da ita ba, "Yaya, a nan ƙasa an rubuta wai kada a faɗa wa kowa."

Sai muryar ta ce:

"Ni ne kowa, Auta?"

Ban taɓa ganin mutum ya karanta lamba shida da sauri haka ba. Ya maimaita sau biyu, ya ba da haƙuri sau uku, ya ce an gama Yaya. Da aka kashe ya zauna yana share zufa, ya ce mini saura kaɗan ya yi wa wansa rashin kunya saboda surutun Malama. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da sa mai. Kwaɗon kuwa ya yi laushi sosai, yana buɗewa ba ƙara.

Ranar Juma'a wata uwa ta ga tambayoyin lissafi a wayar 'yarta, da tambarin makaranta da komai. Kafin la'asar an gano ba lissafi kaɗai ba ne, kuma ba makaranta ɗaya ba ce. Duk tara ne, daga aji ɗaya har na ƙarshe, suna yawo daga waya zuwa waya. Aka ɗage jarrabawa. Malamai suka koma rubuta sababbin tambayoyi suna tsine wa wanda ya jawo musu.

Abu na farko da Manaja ya yi shi ne kirana. Muka bi kwaɗunan nan ɗaya bayan ɗaya, ina haskawa da tocila, yana leƙe ta kafaɗata. Ba ƙwarzane, ba alamar an zura waya a ciki, ba wanda aka taɓa. Na ga fuskarsa ta ɗan saki, har ya dafa ni. Sai ya zauna ya yi lissafinsa irin na masu ƙofa. Ba a fasa ba, to na ciki ne. Dogo bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Saura mutum ɗaya, kuma ranar Talata ta fita da hantsi wai asibiti.

A bakin shago ya sallame ta, mutanen layi suna tsaye. Bai kira ta ɓarauniya ba, cewa ya yi shekara goma sha huɗu yana kiwon abin da bai sani ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Malama ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko an turo lamba wayarsa cikin makon nan. Ya ce kada ta kawo masa zancen lamba, shi ba yaro ba ne. Ta shiga ta ɗauki kofinta da matashin da take jingina bayanta, ta gaishe ni, ta tafi. Kafin dare ya yi ya kira makarantu tara ya shaida musu ya gano inda ɓarakar take kuma ya toshe.

Ni kuwa da ta ambaci lamba na tuna ranar Talata sarai. Na yi shiru. Na ce wa kaina ni mai yankan makulli ne, me na sani a kan imel, kuma wa ya aike ni shiga tsakanin mutum da wansa. Kwana huɗu na yi ina wannan wayon, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Shugabar babbar makarantar cikinsu ba ta gamsu da waya ba. Ta zo da kanta ranar Talatar da ta biyo, tare da wata injiniya da ke kula da kwamfutocin makarantarsu. Manaja ya tarbe su da fara'a, ya zagaya da su yana nuna kwaɗuna, ya kira ni in ba da shaida cewa ba a taɓa ko ɗaya ba. Injiniyar ta ce ma sha Allah, ta roƙi a buɗe mata keji. Ba ta yi minti goma ba ta juyo. Ta ce makonni uku da suka wuce, ranar Asabar, an buɗe wata wasiƙa mai tambarin makaranta da ke cewa a shiga a duba gyara, aka rubuta kalmar sirri a shafin bogi. Malama ba ta zuwa ranar Asabar, Manaja ne ke duba imel ɗin. Sannan ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, an shiga daga wata na'ura, bayan an turo lamba shida zuwa wayar da ke ƙarewa da kaza da kaza. Ta tambayi wayar wa ce.

Manaja ya ce tasa ce, amma shi bai ba kowa ba. Ya faɗa da gaskiyarsa, don har ga Allah bai ɗauki Yaya a cikin kowa ba. A nan ne bakina ya buɗe, a makare. Na ce Manaja, ranar fa Yaya ya kira.

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce to sai me, wansa ne zai sayar da tambayoyin 'yan makaranta? Nan take ya kira lambar Yaya don ya kunyata mu, ya sa a lasifika, ya miƙe tsaye. Wayar da ta faɗa ruwa ta shiga lafiya lau. Yaya ya ce shi bai kira kowa ranar Talata ba, bai je ofishin fansho ba tun bara, wayarsa kuma ba ta taɓa ganin ruwa ba don shi ba sakarai ba ne. Daga nan ya zarce da faɗa a kan mutanen da suke girma hankalinsu bai girma ba. Muna tsaye mu huɗu muka sha nasihar har ƙarshe, ba wanda ya isa ya kashe.

Injiniyar ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Ta ce yanzu in mutum ya samu muryarka ta minti ɗaya, akwai manhajar da zai yi magana ta fito da muryarka, har da tarinka. Wanda ke zuba minti tara kullum a zauren mutum ɗari kuwa ya gama yi musu aiki. Ciwon gwiwa da sunan Auta duk a zauren suka tsinta. Ta ce ba wawaye ba ne, sana'a ce, suna da masu rubutu da masu kira da masu sayarwa, kuma ƙananan shaguna suka fi so, don manyan kamfanoni sun ɗauki masu gadi. Manaja yana ta kallon kejin. Can ya ce, "Amma muryarsa ce." Ta ce e, muryarsa ce.

Ya juya wajen Shugaba ya ce ranki ya daɗe, shekara ashirin da biyu, sau ɗaya ne. Ta ce ta sani, kuma ba ta taɓa zarginsa da cin amana ba, yanzu ma ba ta zarge shi ba. Tana rataya jakarta ta ce, "Manaja, da ma'aikaciyarka ce ta sata, da ka kore ta mun ci gaba da aiki. To kai ne. Wa za mu kora?"

Kafin mako ya ƙare makarantu tara sun janye aikinsu, kowacce da wasiƙa mai ladabi. Ba wanda ya kira shi ɓarawo. Da an kira shi haka ma ina jin da ya fi masa sauƙi, don ɓarawo aƙalla ana jin tsoronsa. Shi dariya ake yi masa. Mai kantin magani ya zo jaje da kansa, ya daɗe yana zaune, kuma da zai tafi ya ce sai haƙuri, sakaci ba ya gaya wa mutum ranar zuwansa.

Na ba shi tausayi ko ya ba ni, ban sani ba, amma ni ya roƙa in raka shi gidan Malama. Ta karɓe mu a falo, ta kawo ruwa, ta tambayi iyali. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce sharrin zamani ne, ya ce kowa yana kuskure, ya ce kujerarta tana nan ba wanda ya zauna. Ta bar shi ya gama. Ta ce kujera ta gode, ba za ta koma ba. Ta je neman aiki wuri biyu a makon nan, duk an ce mata sun ji labari. Abu ɗaya take so, takarda. A rubuta cewa ba ita ba ce, a rubuta wanda ya karanta lambar da ranar da ya karanta, ya sa hannu ya buga hatimin shago, a kai wa kowace makaranta da ya kira ya ɓata ta.

Ya ce ko za a bar wurin sunan, a ce kuskure ne daga ofis.

"Ni da ka kira su ba ofis ka ce ba, Manaja. Sunana ka faɗa."

Muka dawo shago bayan azahar. Ba mai buga rubutu, don haka shi ya zauna a gaban kwamfutar, da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar wanda ya yar da allura. Layi biyar ne, suka ci masa har la'asar. Sau biyu yana kirana in duba masa ko akwai wata kalma da ta fi "ni" laushi, na ce ban san ta ba. Da ya gama ya miƙa wa Dogo ya ce kwafi tara, a takarda mai kyau. Dogo ya tambaya ko a rufe tagogi a tara wayoyi, tunda aikin makarantu ne. Manaja ya ce a bar su a buɗe, wannan so ake kowa ya gani.

Ya sa hannu a kowacce, ya buga hatimi, ya zuba su a ambulan, ya ɗauki lema ya fita da ƙafa. Shi ne aikin makaranta na ƙarshe da injinsa ya buga.